Garken Roba

A babban Kantin Ngadda da ke bakin GRA, doka ce ma'aikaci ba ya buɗe gwangwanin Madarar Makiyayi, ko da kuɗinsa ya saya. Dalili kuwa gasar da kamfanin madarar ya sa a shekarar 1981. A ƙarƙashin murfin kowane gwangwani akwai 'yar saniyar roba da ba ta wuce ɗan yatsa ba, wata ja, wata baƙa, wata mai roɗi-roɗi. Duk wanda ya haɗa garken har da farin bijimi, firji za a ba shi. Shanun sun cika gidajen Maiduguri, amma farin bijimin ba wanda ya taɓa ganinsa sai a hoton da aka manna a ƙofar kanti.

Naomi, kashiyar tebur na biyu, ba ta taɓa karya dokar ba. Duk da haka akwai garke a aljihun teburinta, a jere cikin kwalin sabulu. Yunus ne ya tara mata shi.

Yunus ɗan Alhaji Saleh ne, babban dillali a Kasuwar Shanu. Shuwa ne su. Iyayensu a daji suka rayu bayan shanu har fari ya koro su birni, suka koma sayar da abin da a da suke kiwo. Ita kuwa Naomi 'yar Bura ce daga wajen Biu, 'yar coci, tana zaune a hannun gwaggonta Agnes. Kowa ya san gidajen biyu ba za su so zancen ba. Su biyun ne kawai suka yi kamar ba su sani ba.

Duk Asabar da yamma Yunus kan shigo ya ɗauki gwangwani ɗaya, ya bi layin Naomi ko da sauran teburan ba kowa. In ya biya sai ya ɓalle murfin da makullin motarsa, ya ajiye mata saniyar, ya raɗa mata suna irin na shanun kakansa. Madarar kuma ya miƙa wa Madu mai gadi a hanyar fita.

Ranar da ya ba ta ta farko, manajan kantin, wanda ake kira Ba Ajimi, na tsaye kusa, Madu kuma ya leƙo daga ƙofa. Yunus ya ɗaga saniyar sama.

"Ba Ajimi, Madu, ku shaida. Na ba Naomi jar saniyar nan, mafarin sadakinta. Ranar da farin bijimi ya fito, ranar magabatana za su kama hanyar Biu."

Suka yi dariya suka ce sun shaida. Ita ma ta yi dariya. Amma kafin ta tashi aiki ta nemo kwali, ta shimfiɗa auduga a ciki.

Sau ɗaya ne kawai bai ba ta abin da ya fito ba. Ana saura kwanaki a kama azumi ya buɗe murfi, ya leƙa, ya dunƙule hannu. Ya ce ja ce kuma, tana da irinta, bari ya kai wa yaran gida. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Madu ne ya ɓata lamarin, ba da nufi ba. Wata safiya a teburin mai shayi na bakin Kasuwar Shanu ya ba da labarin kyautar jar saniyar don a yi dariya. Dillalan ba su yi ba. A gidan Alhaji Saleh, da kuma sana'arsa, saniyar da aka bayar da baki a gaban maza biyu ta bayu, ba takarda, ba sa hannu. Da wannan yake loda shanun mutane a mota zuwa Kudu ba tare da kowa ya tambaye shi shaida ba. Ga shi kuma ya riga ya yi wa ƙaninsa maganar auren Yunus da Zainaba, 'yar ƙanin nasa, wadda ke karatun malanta. Cikin mako guda aka fara tambayarsa a kasuwa, ana murmushi, ko shanun gidansu na bana na nama ne ko na roba.

Yunus ya daina zuwa. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. A gida Gwaggo Agnes ta dawo da zancen Manasse, malamin asibitin da ya daɗe yana aiko da gaisuwa, mutumin da a cewarta zai tsaya gaban jama'a ya faɗi sunanta ba tare da ya waiwaya ya ga ko ubansa na kallo ba. Naomi ta ce ta ji. Kullum da safe sai ta buɗe aljihun tebur ta dubi kwalin, kafin ta kunna injin lissafi.

Asabar ta ƙarshen wata bayan ƙaramar sallah, kantin ya cika. An yi albashi, an kuma yi ruwa da rana, matan ma'aikata sun shigo da laima suna tura kekunan kaya tsakanin layuka, yara na jijjiga gwangwanaye a kunne ko za su ji nauyin bijimi.

Wata babbar mace cikin lafaya ruwan goro ta tsaya a layin Naomi da kekuna biyu shaƙe da kaya: turare, sabulu, man shafawa, faranta, katan-katan na Madarar Makiyayi. Bayanta wata doguwar budurwa ce mai lalle har gwiwar hannu. Naomi ta sha lissafa irin wannan kaya. Lefe ne. Abin da ba ta saba gani ba shi ne a zo sayen lefe da amarya.

Matar ba ta amsa gaisuwarta ba. Ta bari sai da Naomi ta fara buga farashi.

"Ke ce mai shanun?"

Yatsun Naomi suka tsaya a kan injin.

Matar ta ce ita ce Hajiya Turai, yayar Alhaji Saleh, wannan kuma Zainaba ce, kayan nan nata ne. Ba ta rage murya ba, har mutanen layin suka daina hira. Ta ce Alhaji na waje cikin mota. Abin da ya kawo su ƙarami ne. Naomi ta fito da shanun, ta miƙa da hannunta a gaban mutum biyun da suka shaida, ta ce ta mayar. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

"Hajiya, wanda ya ba ni shi zai zo ya karɓa."

Hajiya Turai ta dube ta daga ɗankwali har zuwa ɗan gicciyen da ke wuyanta. Sannan ta sa hannu cikin keke ta zaro wani gwangwani da ya lotsa a gefe, ta yafito Ba Ajimi. Ya taho da sauri yana gaisuwa, "Wushe, wushe, Hajiya." Ta tambaye shi ina suke kai irin wannan.

Ya ce suna da ƙaramin kanti a hanyar Kasuwar Shanu, wanda mutane ke kira Kantin Lotsattsu. Can ake kai gwangwanin da ya faɗi, da biskit ɗin da ya kusa lalacewa, da sabulun da kwalinsa ya jiƙe, a sayar da rahusa.

"Ashe kun san kowane kaya da wurinsa," in ji ta. Ta ajiye gwangwanin a gaban Naomi. "Cire wannan, ba ma saye."

Wata mata a layi ta yi dariya ta rufe baki da gyale. Naomi ta ture gwangwanin gefe ta ci gaba da buga farashi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Ba Ajimi ya sa wata ta karɓi teburin, ya ja Naomi zuwa sito. Can tsakanin katan-katan ya yi mata magana a hankali, kamar uba. Ya ce naman da ke firjin kantin duk daga hannun Alhaji Saleh yake zuwa, kuma Alhajin aminin mai kantin ne. Ya ce shi ma da ya san dariyarsa ta ranar nan za ta zama shaida, da ya haɗiye ta. Ya ƙara da cewa samun shanun gasa a aljihun ma'aikaci laifi ne in aka so a ɗauke shi laifi. In ta mayar, ba wanda ya ga komai. In ta ƙi, ranar Litinin a Kantin Lotsattsu za ta kama aiki, ba na'urar sanyi, ba ƙarin albashi.

Ta ce ita dai a kira mata Yunus.

Ashe yana cikin motar tun ɗazu, a kujerar baya.

Ya shigo sito ya rame, hularsa a hannu. Ba Ajimi ya ja musu ƙofa bai rufe duka ba. Yunus ya jingina da katan ɗin madara, kafin ya yi magana hawaye suka riga shi.

Ya ce rabonsa da barcin kirki tun ranar da zancen ya isa gida. Abbansa bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba, ya dai daina cin abinci tare da shi. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo. An karɓe makullin mota. Baffansa ya aiko a tambaya ko 'yarsa za ta shiga gidan da aka riga aka biya wa wata sadaki.

"Ki mayar yau kawai, Naomi. In hankalin Abba ya kwanta zan san yadda zan yi. Wallahi ban canza ba."

"Lefen da na lissafa yanzu fa?"

"Ba ni na zaɓa ba."

"Ban ce kai ka zaɓa ba. Na ce na wa ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ji nata hawayen sun zubo, ta bar su, ba ta share ba. Ta tuna masa Asabar ɗin da ya tsaya a layinta da zazzaɓi a jikinsa, da ranar da ya ce zai koyi gaisuwar Bura don ya durƙusa wa mahaifinta da harshensa. Ta gaya masa abin da ta sha a gida saboda shi, yadda Gwaggo Agnes ta yi mako ba ta yi mata magana ba, yadda matan zumuntar coci suka sa sunanta cikin addu'a kamar mai ciwo.

"Abu ɗaya nake so in ji daga bakinka. Ranar nan da ka ɗaga saniyar, wasa kake yi?"

"Gaskiya nake yi. Allah ne shaidata."

"To fito ka faɗa a waje. In ka faɗa, zan tafi Kantin Lotsattsu ina dariya, in jira ka komai daɗewa."

Ya ce ba ta san Abbansa ba. Ta ce yau za ta san shi.

Da suka fito, Alhaji Saleh ya riga ya shigo. Dogo ne siriri, da rawani fari da sandar makiyaya, yana tsaye kusa da tebur na biyu kamar wanda bai taɓa shiga irin wurin ba kuma bai yi niyyar sake shiga ba. An kira Madu daga ƙofa, yana ta murza hannu. Masu sayayya sun bar kekunansu sun kewaye su.

Alhajin bai yi faɗa ba. Ya kira ta 'yarsa. Ya ce an ba shi shawara ya ce wasan yara ne, ya ƙi, domin a zuriyarsa ba a wasa da maganar saniya, ko ta nama ko ta laka. Ɗansa ya ba ta, nata ne, ba mai ƙwace mata. Shi roƙo ya zo. Auren nan ba zai yiwu ba, ita ma ta sani, kuma ba zai iya ɗaura wa yaron wani auren ba alhali maganarsa na rataye a hannunta.

Naomi ta dubi Yunus. Yana kallon tayil ɗin ƙasa.

Ta jawo aljihun tebur ta fito da kwalin sabulun. Ta riga ta yanke shawarar miƙawa, don tsohon ya roƙe ta da mutunci, kuma ta gaji.

Daidai nan Hajiya Turai ta ce wa Zainaba ta ba direba makullin akwatin da za a zuba kaya. Zainaba ta buɗe jaka ta zaro makullai. A jikin zoben, ɗaure da jan zare, wani ɗan farin abu na lilo.

Wata mata mai goyo ce ta fara ganewa. Ta nuna hoton ƙofa, ta nuna hannun Zainaba. Nan da nan surutu ya tashi, ana turereniya a ga farin bijimi da ido. Wani ma'aikacin banki ya ce a sayar masa.

Zainaba ta yi sororo. Ta ce ita ba ta san wani abu ba ne. "Ya Yunus ne ya ba ni, tun kafin azumi. Ya ce in ajiye, kar in nuna wa kowa."

Ko da gaske ba ta sani ba, Naomi ba ta iya ganewa ba. Abin da ta gani shi ne Hajiya Turai ba ta yi mamaki ba.

Tun kafin azumi. Naomi ta sake ganin hannun nan na Yunus da ya dunƙule a kan teburinta, ta ji muryarsa yana cewa ja ce kuma. A gabanta bijimin ya fito. Daga ranar ya ƙara zuwa Asabar da yawa, yana buɗe murfi, yana yi mata alamar takaici, tana ba shi haƙuri.

Ta ajiye kwalin a kan tebur.

"Ba Ajimi, Madu," ta ce, "ranar da kuka shaida, me ya ce zai faru in farin bijimi ya fito?"

Ba Ajimi ya yi kamar bai ji ba. Madu kuwa, da yake Alhaji Saleh ya juyo ya kafa masa ido, ya faɗi gaskiya. Ya ce Yunus ya ce ranar magabatansa za su kama hanyar Biu.

Wannan ɓangaren ba a kai wa Alhajin ba. Naomi ta gani a fuskarsa. Ya juya ya tambayi ɗansa da Larabcinsu, gajeriyar tambaya. Yunus ya gyaɗa kai. Tsohon ya ƙara dafa sandarsa. Bijimin ya fito tun watannin baya, ba wanda ya je Biu. Maganar da ya zo ya kwance kafin ta karye, ashe ta daɗe da karyewa, kuma ga rabin matan GRA sun ji.

Hajiya Turai ta fara cewa ai yanzu yarinya ta ga matsayinta, sai ta miƙo a wuce wurin. Alhaji ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya juyo ga Naomi.

"'Yata, me kike so?"

Naomi ta san in ta ce a je Biu, tsohon nan zai je, ko da zai mutu a hanya don baƙin ciki. Yunus ma ya sani, har ya ɗago kai ya dube ta da wani abu mai kama da sa rai.

"Baba, ba na son ɗanka. Ko kun je Biu ba zan fito ba."

Yunus ya kira sunanta. Ba ta waiwaya ba.

"To ki mayar, ki sallame mu," in ji Alhaji.

Ta rufe kwalin, ta rungume shi a ƙirji.

"Ka ce nawa ne, ba mai ƙwace mini."

"Na faɗa."

"To ban mayar ba."

Ta cire rigar aikin kantin ta ninke a kan injin lissafi, kusa da lotsattsen gwangwanin. Mutane suka buɗa mata hanya. A bayanta ta ji Zainaba ta fashe da kuka, ta ji makullai sun faɗi ƙasa.

Ranar Litinin ta kama aiki a Kantin Lotsattsu. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da fanka da ba ta juyawa, da tarin gwangwanaye marasa takarda da ake saye a kan sa'a. Madarar Makiyayi ma akwai, amma an cire shanun kafin a kawo. Teburinta na fuskantar titi, kuma duk mai zuwa Kasuwar Shanu ta nan yake bi.

Ta share teburin, ta buɗe kwalin, ta jera shanun a bakin taga ɗaya bayan ɗaya, jar a gaba.

Kafin hantsi wasu dillalai suka tsaya sayen sukari mai rahusa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki jar saniyar yana juya ta, ya tambaya nawa take, zai kai wa jikarsa. Can ƙetaren titi wata farar Fijo ta rage gudu, da mutum mai farin rawani a kujerar gaba.

Naomi ta karɓi saniyar daga hannunsa ta mayar da ita wurinta. Ta ɗaga murya daidai yadda na waje za su ji.

"Ba ta sayarwa ba ce. Sadakina ne. Ɗan Alhaji Saleh ne ya ba ni, a gaban shaidu."